Kyanwata ta addabe ni da hawan tebur da dakalin kwizin, yaya zan yi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum lokotoro. Ni ce wata uwargida daga Tahoua. Ina da kyanwa a gida, shekararta kamar guda, mun ajiye ta ne saboda ɓeraye kuma wallahi tana aikinta. Amma ta ishe ni da hawan dakalin kwizin da teburin da muke cin abinci, ranan har ta sa baki cikin miya. Na kore ta, na watsa mata ruwa, yara sun buge ta, duk a banza, da na juya baya ta koma. Maigida ya ce a kai ta daji a yar, ni kuma ina da ciki ina tsoron cuta. Mi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sauke ki lafiya. Don Allah ki ba maigida haƙuri kar a yar da ita, abin nan yana gyaruwa, kuma kyanwar da ta tashi a gida in aka kai ta daji yawanci yunwa ko karnuka ne ke gamawa da ita.

Kyanwarki ba taurin kai take miki ba. Akwai abin da take samu a saman nan, shi ke mayar da ita. Na farko abinci, wannan kin sani. Na biyu tudu, ita kyanwa halittarta ce son wuri mai bisa, daga can take hango duk abin da ke motsi kuma ba mai taka ta ko ja mata wutsiya, gidan da ke da yara ƙanana kuwa dole ta nemi inda hannunsu bai kai. Tsallen mita ɗaya ba komi ba ne a wurinta, tana iya fin mita ɗaya da rabi daga tsaye. Na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba a garuruwanmu, sanyi. In zafi ya kama a watan Afrilu da Mayu, ana digiri 42 ana 44, dakalin da aka yi ma karo, wato tayil, ya fi ko'ina sanyi a gidan, ga robine kusa yana ɗiga, kyanwa kuma tana son ruwa mai motsi fiye da wanda ya kwana a kwano.

To duka da watsa ruwa mi suke koya mata? Suna koya mata cewa ke ce abin tsoro, tebur kam lafiyarsa lau. Shi ya sa kike ganin da kin juya baya ta koma, ta gane cewa in ba kowa ba abin da ke faruwa. Ki hana yara dukanta gaba ɗaya, kyanwar da ake duka ita ce ke fara yakushi da cizo, wata ma ta fara fitsari a kan katifa saboda tsoro, sai a ce ta lalace alhali mu muka lalata ta.

Aikin gaske shi ne ta hau ta tarar babu komi, kullum, ba yau akwai gobe babu ba. Nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa. In ta hau sau goma ba ta samu ba, na sha ɗaya ta samu kan kifi ko ɗan guntun cuku, to kin ƙara mata ƙarfi ne, kamar masuncin tafkin Tabalak da ba kullum komarsa ke cika ba amma ranar da ta cika ta ishe shi dalilin komawa. Saboda haka nama da kifi su shiga firigo, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ko babu firigo a sa a tukunya mai murfi mai nauyi, faifai ko leda ba sa hana ta. Kwanonin da aka ci abinci kar su kwana a kan dakali, a wanke a goge maiƙon, kwandon shara shi ma a rufe. Kuma kowa a gidan ya daina miƙa mata loma daga kan tebur, musamman yara da kakanni, su ne ke ɓata tarbiyyar da hannunsu saboda tausayi. In kwizin ɗinki yana da ƙofa ki riƙa rufewa da dare, wannan kaɗai ya rage rabin rigimar.

Sannan ki ba ta nata tudun. Ba sai kin kashe kuɗi ba, ɗan katako da kafinta zai kafa a bango, ko tsohuwar kujera mai tsawo, ko kan akwati kusa da taga, a inuwa inda iska ke ratsawa kuma tana ganinki kina aiki, don sau da yawa ke take bi. Ki shimfiɗa tsohon zane. Duk lokacin da kika gan ta a kan dakali ki ɗauke ta a hankali ba tsawa, ki kai ta wurinta, in ta zauna ki ba ta ɗan abu mai daɗi nan take. Ki ciyar da ita kafin ki ɗora tukunya da kuma kafin ku zauna cin abinci, kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu a yini ya fi mata sau ɗaya da yawa, don a halittarta ƙananan abubuwa take kamawa ta ci a rarrabe. Kar a ce tana kama ɓera don haka ba sai an ba ta abinci ba, ƙosasshiyar kyanwa ma tana farauta. Ruwanta a kwano mai faɗi, nesa da abincinta, a canza safe da yamma.

Shi dakalin kuma ana iya sa shi ya zama ba daɗin takawa na ɗan lokaci. Ki manna sikoc a kan kwali gefen mai ɗanko yana kallon sama ki jera a bakin inda take dira, ko takardar alminiyam, ba ta son jinsu a tafin ƙafarta. Ɓawon lemu ma wasu kyanwoyi suna gudun warinsa, wasu ko a jikinsu. Ki bar su mako biyu zuwa uku sannan ki fara cirewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne barbaɗa yaji, yana shiga ido da hanci kuma zalunci ne. Girezil ma, maganin nan da ake wanke ban ɗaki da shi, kar ki goge da shi, guba ne ga kyanwa, tana takawa ta lashe ƙafa. Ruwan zabel, wanda ake wanke fararen kaya da shi, yana kashe ƙwayoyin cuta amma ki ɗauraye sosai, don warinsa yana jawo wasu kyanwoyi su zo su yi ta birgima a wurin.

Hawan nan ita ma haɗari ne gare ta. Ban da murhun gas da tukunya mai zafi, albasa da tafarnuwa suna fasa mata jajayen ƙwayoyin jini, ɗanye ko dafaffe, mu kuwa da albasar Galmi ba miyar da ba ta shiga, don haka sauran miya da kilishi mai yaji ba abincinta ba ne. Parasetamol ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta, kar a bar shi a kan tebur.

Maganar cikinki kuma, tsoronki yana da tushe amma kar ya hana ki barci. A addini kyanwa ba najasa ba ce, wannan malamai sun yi bayani. Ta fannin lafiya cutar da ake jin tsoro ita ce tokzoplasmoz, ƙwayarta tana fita a kashin kyanwa, kuma sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum, tana iya taɓa jariri in uwa ta kamu da ita karon farko tana da ciki. Shafa bayan kyanwa ba shi ne hanyar ba. Hanyar ita ce ƙasar da ta yi kashi a ciki, da salati ko tumatir da ba a wanke da kyau ba, da naman da bai dahu ba. Don haka wani ya riƙa kwashe kashinta kullum ba ke ba, ki wanke dakali da sabulu kafin ki yanka komi, ki wanke hannu, nama ya dahu har ciki, kuma ki faɗa ma ungozoma a awon ciki cewa akwai kyanwa a gida.

In kin yi duk wannan wata guda tana nan tana wawar abinci kamar ba ta taɓa ci ba, ko tana ci tana ramewa, ki kai ta wurin likitan dabbobi. Mai cin ɓera ba ta rabuwa da tsutsar ciki, ana ba ta magani duk wata 3, kuma a shekararta mai yiwuwa ciki gare ta ita ma, mai ciki ko mai shayarwa tana cin ninkin abin da ta saba. In kin je ki sa a yi mata allurar rigakafin haukan kare, tunda tana fita waje kuma tana cikin yara.