Shin jiha za ta iya taka wa gwamnatin tarayya burki a kan madatsar ruwa?

Ka tambaya ko jiha a Amurka na da ta cewa idan FERC, hukumar tarayya mai kula da makamashi, ce ke ba da lasisin madatsar lantarki ko bututun iskar gas. Tana da ita, malam, sosai ma.

Sashe na 401 na dokar tsaftar ruwa ta 1972 ya ce duk aikin da ke buƙatar lasisin tarayya kuma zai iya zubar da wani abu cikin ruwa, sai jihar ta shaida cewa ba zai karya ƙa'idojinta ba. In ta ƙi, babu lasisi. In ta gindaya sharuɗɗa, sun shiga cikin lasisin ke nan, FERC ba ta da ikon cire su. Lasisin madatsa kuwa yakan kai shekara 30 zuwa 50, don haka sharaɗin yau zai daɗe yana aiki.

A 1994 Kotun Ƙoli ta goyi bayan jihar Washington da ta ce dole a bar wani adadin ruwa yana gudana a kogin Dosewallips saboda kifi. A 2016 jihar New York ta hana bututun iskar gas na Constitution wannan takardar shaida, saboda rafukan da zai ratsa, kamfanin ya haƙura a 2020.

Sai dai jiha na da wa'adin da bai wuce shekara ɗaya ba don ta amsa buƙatar kamfani, in ya wuce ta yi asarar ikonta. Da can akan yi dabara: kamfani ya janye buƙata ya sake shigarwa don agogo ya koma farko. Kotun ɗaukaka ƙara ta toshe wannan a 2019, a shari'ar ƙabilar Hoopa Valley kan madatsun kogin Klamath.