Kawuna dattijon ikilisiya ne, amma da kwano biyu muke awo

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya gida, ya hidima? Na daɗe ina karanta wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo kukana ba.

Ni saurayi ne, shekarata 27. Asalinmu ƙasar Tangale, amma a cikin garin Gombe na tashi. Mahaifina ya rasu ina aji huɗu na firamare. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ɗauko ni ya sa ni makaranta har na yi difloma, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba. Da aiki ya ƙi samuwa sai ya ce in zo in riƙe masa sito. Sana'arsa hatsi. Da kaka mukan saro wake, masara, waken suya da riɗi a kasuwannin ƙauye, mu ajiye, in kaya sun yi kuɗi mu fitar. Shekara 3 ke nan makullin siton yana aljihuna. Kawu dattijo ne a ikilisiyarmu, ni kuma ina koyar da yara a makarantar Lahadi.

Mama, kwanon awo biyu muke da su. Wanda muke shiga ƙauye da shi an zurfafa shi, wanda muke sayarwa da shi an bubbuga gindinsa ya shigo ciki. In ba ɗan kasuwa ba ne kai, ko an jera maka su ba za ka gane ba. A buhu ɗaya sai mu ci tiya 2 ko 3 a wajen manomi, mu sake ci a wajen mai saye. Sai kuma wake. Don kada ƙwari su cinye shi, fiya-fiya muke yayyafa masa kafin a ɗinke buhu. Ni nake yi da hannuna, in ɗaure hanci da ƙyalle, in wuni da ciwon kai. Wani lokaci ko mako ba a yi ba za a zo a loda shi. A gidanmu ba a cin waken sito. Na gida daban Kawu yake ware shi a cikin jarkoki, ba a sa masa komai.

Da duk wannan bai hana ni barci ba, sai a kakar da ta wuce. Wani dattijon manomi, Musulmi, daga wani ƙauye a wajen Kumo, ya wuce masu saye da yawa ya sauke wakensa a gabana. Ya ce, "Yaro, ni wajen 'yan mishan nake kai kayana. Tun zamanin mahaifina mun san ba sa tauye mudu." Da aka kira salla ya tashi ya tafi masallaci, ya bar ni da buhunansa ba mai tsaro. Mama, da babban kwanon na auna. Da ya dawo ko ƙidaya bai tambaya ba, ya karɓi kuɗinsa ya sa mini albarka.

Lahadin da ta biyo baya darasin yara a kan Zakka mai karɓar haraji ne, wanda ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi bai ji tsoron ya talauce ba?" Na rasa bakin amsa mata.

Na sami Kawu cikin ladabi. Ya ce kasuwa ba majami'a ba ce, kowa haka yake yi, kuma da wannan kwanon ya biya mini kuɗin makaranta. Mahaifiyata ta ce kada in sa a ce ta haifi butulu. An sa aurena watan Disamba, Kawu ne zai biya sadaki, shi zai ba mu ɗaki. Wadda zan aura ba ta san komai ba. Wata 3 ke nan ina zamewa in an zo cin Jibin Ubangiji. In na bari na rasa abinci da aure da dangi, in na ci gaba na rasa salama. Mama, ina zan sa kaina?

Ɗanki cikin Ubangiji, daga Gombe.

*

Ɗana, sannu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma wurin da dattijon nan ya tashi ya tafi salla ya bar ka da buhunansa, a nan na ajiye takardar na yi shiru. Rashin barcin da kake yi ba ciwo ba ne. Ka gode wa Allah da lamirinka bai mutu ba, domin mutane da yawa da suka fi ka shekaru a kasuwa nasu ya daɗe da daina motsi.

Zan fara da wake, don shi ba ya jiran shawara. Abin da ake kira fiya-fiya, da irin su Sniper, guba ce mai suna dichlorvos. Jijiyoyi take kamawa. Wanda ta shiga jikinsa da yawa zai yi ta amai da gudawa, miyau na dalala, numfashi na sarƙewa, ƙaramin yaro kuwa ba ya jure abin da babba zai jure. Saboda yawanta a cikin wakenmu ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta hana sayar da ƙananan kwalabenta barkatai a kasuwa. Ka tuna inda wakenku yake ƙarewa: tukunyar mai ƙosai a bakin tasha, alalen 'yan makaranta, garau-garau na 'yan dako. Kawunka ya san wannan sarai, shi ya sa na gidansa yake cikin jarka. Wanda ya ware wa 'ya'yansa mai tsabta ya tura wa 'ya'yan wasu mai guba ba zai ce bai sani ba. Daga yau kada hannunka ya sake taɓa kwalbar nan. Ciwon kan da kake wuni da shi ma ka je asibiti ka gaya musu ainihin abin da kake shaƙa. Buhunan da aka riga aka yayyafa wa, ka nemi malamin gona ya gaya muku abin da za a yi da su kafin ko ɗaya ya fita.

Kuma akwai mafita, ba sai an yi asara ba. Jarkar da Kawu yake amfani da ita a gida ita ce amsar: ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro don wake. A busar da waken sosai, a ɗaure kowace leda daban, zai yi watanni ba magani, kuma in ledar ba ta huje ba a sake amfani da buhun. Ka tambayi farashinsa, ka zauna ka yi lissafi a takarda. Ɗan kasuwa ya fi jin lissafi da wa'azi, sai ka je masa da duka biyun.

Yanzu kwano. Kawu ya ce kasuwa ba majami'a ba ce. Da zan gan shi sai in tambaye shi cikin girmamawa, wane Littafi yake karanta wa jama'a ran Lahadi? Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Kamar siton ku aka leƙa aka rubuta. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne annabi Amos a sura 8. 'Yan kasuwar da ya yi wa faɗa ba marasa addini ba ne. Suna kiyaye Asabar, ba sa buɗe rumfa, amma zuciyarsu na Allah-Allah ranar ta wuce su koma su rage mudu su sayar da ƙaiƙayi a matsayin alkama. Allah bai ce musu ai kasuwa daban ba ce.

Ka san abin da ka kashe ran nan a Kumo? Ba tiya 3 kaɗai ba. Tun 1917 da 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka isa ƙasar Tangale, kakanninka suka karɓi bangaskiyar nan, wasunsu da korar dangi suka biya. Sunan da dattijon nan ya zo yana dogara da shi, su suka tara shi, mudu bayan mudu, shekara da shekaru. Mahaifiyata ta sayar da gyaɗa da dawa a kasuwar garinmu. Kwanonta ɗaya ne, farin ya goge har baƙin ƙarfen ya fito, kuma in gardama ta tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa, Kirista ko Musulmi, sai ka ji an ce a aro kwanon Mama a raba. Ba ta bar mana gida mai bene ba. Akwai shekarar da muka yi ta shan kunu da dare. Amma har yau in na je garin, albarkacinta nake ci. A gari irin Gombe, inda muke zaune ƙofa da ƙofa da 'yan'uwanmu Musulmi, yawancinsu ba za su taɓa shiga majami'a su ji hudubar fasto ba. Kwanonka suke gani.

Kada ka ɗauka ina cewa ka juya wa Kawu baya. Mutumin da ya ɗauki maraya ya riƙe shi kamar nasa ba abin yarwa ba ne, kuma mahaifiyarka tana da gaskiya da take tsoron butulci. Sai dai bashin da yake bin ka na biyayya ne da hidima da kula da shi in ya tsufa. Bai haɗa da ranka ba, bai haɗa da ran 'ya'yan mutane ba. Butulu shi ne wanda zai ga wanda ya rene shi yana tafiya bakin rami ya yi shiru don kada a janye masa sadaki.

Ka koma wajensa, ba a sito ba, ba a gaban yaran shago ba. Ka same shi a gida da dare, ka durƙusa yadda ka saba. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya tsauta wa dattijo, ya roƙe shi kamar uba. Ka fara da godiya, ka lissafa abin da ya yi maka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ce, "Kawu, zan yi maka kowane aiki, dako ma zan yi, amma hannuna ba zai ƙara ɗaukar kwanon nan ba, ba zai ƙara zuba magani ba." Kada ka ce masa shi mai zunubi ne, ka faɗi abin da kai ba za ka iya ba. In ya ƙi ji, Matiyu 18 ta shimfiɗa hanya: ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, fasto ko wani tsohon abokinsa, ba taron zumuntar matasa ba, ba Facebook ba. Maganar kwano za ta iya bin wannan hanya a hankali. Maganar guba kuwa, in duk an yi ya nace, to ka gaya masa a fuskarsa cewa za ka sanar da shugabannin kasuwa ko hukuma, kuma ka cika.

Ba zan ruɗe ka ba, ɗana. Mai yiwuwa ya karɓe makullin. Mai yiwuwa auren Disamba ya koma baɗi, a yi shi ba tare da taron da kuka yi buri ba. Ba na cikin masu cewa ka yi gaskiya yau gobe ka sayi mota, na ga masu gaskiya da yawa da suka mutu a gidan haya. Abokan Daniyel uku sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna ba. Wannan "ko bai" ɗin shi nake so ka tauna kafin ka buɗe baki, don kada ka fara ka janye a tsakiya. Ka fara neman abin yi tun yanzu. Shekara 3 kana awo, ka san manoma, ka san dillalai, ka san lokacin saye. Ko da buhu 2 za ka iya fara naka.

Ita kuma wadda za ka aura, ka gaya mata a makon nan, kafin ka je wajen Kawu. Ba daidai ba ne a jingina aurenta a kan abin da ba ta sani ba. Amsar da za ta ba ka za ta nuna maka irin matar da za ka zauna da ita fiye da duk darasin da za a yi muku kafin aure.

Gudun Jibin Ubangiji ba tuba ba ne, ɓuya ce. Ka sami fastonka ka faɗi naka laifin, naka kaɗai, ku yi addu'a, ka koma teburin. Sai ka yi abin da yarinyar nan ta tambaye ka a kai. Duk manoman da ka cuta ba za ka iya gano su ba, waɗanda ka sani ka rubuta su a takarda ka riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashinka. Amma ka fara da dattijon Kumo. Ka lissafa buhunansa, ka lissafa tiyoyin da ka ci masa a farashin yau, ka hau mota ranar kasuwarsu ka neme shi. Kada ka ce kuskuren lissafi ne, kada ka kira sunan Kawu. Ka ce, "Baba, ka amince da ni na ci amanarka, ga haƙƙinka, ka yafe mini." Zai iya yin fushi, zai iya daina kawo muku kaya, haƙƙinsa ne.

Ina yi maka addu'a, kai da Kawunka duka. Ka rubuto mini in ka dawo daga Kumo, ina so in ji abin da dattijon ya ce.

Mama