Me ilimi ke ƙara wa ƙungiyoyin farar hula a Afirka?

Malam, tambayarka ita ce: ina amfanin ilimi ga ƙungiyoyin farar hula, tunda ga masu digiri birjik amma shugabanni na yin abin da suka ga dama?

A ganina, ba takardar shaida ce ke aiki ba. Abin da ke aiki shi ne mutum ya iya karanta kasafin kuɗi, ya san haƙƙinsa, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Najeriya na da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, amma wanda bai iya rubuta takardar neman bayani ba, dokar ba ta tsinana masa komai ba. A Senegal kuwa, mawaƙa da 'yan jarida na ƙungiyar farar hula ta Y'en a Marre sun yi ta wayar da kan matasa da harshen Wolof su yi rajista kafin zaɓen 2012.

Kuskuren da na fi gani wajen wayar da kan jama'a shi ne a tara mutane a otal, a yi ta Turanci, a raba kuɗin mota, a watse. Malaman makarantun allo da na Islamiyya kuwa ba a ko tunawa da su.

In za ku yi wa ƙungiya rajista ko ku kai hukuma kotu, ku ga lauya tukuna.