Ƙanena zai koma ƙaramin gari a Iowa: da gaske ne a can ba a binciken takardu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya shiga Amurka da bizar ziyara, saura wata biyu wa'adin da aka ba shi ya cika. Wani mutum da suka haɗu a New York ya ba shi shawarar ya bar birni ya koma wani ƙaramin gari mai suna Postville a jihar Iowa, inda ya ce akwai babbar mayanka da ke ɗaukar ma'aikata, kuma idan ya biya shi zai samo masa aron takardun wani ya yi aiki da su. Ya ce a ƙauye babu ruwan kowa da kowa, jami'an shige da fice ma ba sa zuwa. Mahaifiyarmu ta kasa barci tun da ta ji. Wane irin gari ne wannan, su wa ke cikinsa, kuma baƙar fata Musulmi zai zauna lafiya a can? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kwantar wa Hajiya da hankali. Damuwarta tana kan hanya, sai dai inda hatsarin yake ba inda kuka fi sa ido ba ne.

Postville yana arewa maso gabashin Iowa, akasarinsa a cikin gundumar Allamakee, gonakin masara da waken soya da garken shanun madara sun kewaye shi ta ko'ina. Ƙidayar 1990 ta samu mutum 1,472 a garin, ta 2000 ta samu 2,273, ta 2020 kuma ta samu 2,503. Wannan ƙaruwa abin lura ce, domin yawancin ƙananan garuruwan yankin raguwa suke yi: matasa suna tafiya birni, gonaki suna haɗewa a hannun mutane ƙalilan masu manyan injina, tsofaffi ne ke saura. Abin da ya ɗaga Postville shi ne mayankar. A 1987 wani mahauci Bayahude daga Brooklyn, Aaron Rubashkin, ya sayi tsohuwar mayankar garin ya mai da ita kamfanin Agriprocessors, inda ake yanka bisa ƙa'idar addinin Yahudu. Daga nan gari da a da jikokin Jamusawa da 'yan Norwe ne kusan zalla ya cika da malaman Yahudawa masu yanka da iyalansu, da ma'aikata daga Rasha da Yukren, sannan daga Meziko da Guatemala, daga baya kuma Somaliyawa. A ƙidayar 2010 kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin 'yan asalin Latin Amurka ne. A allon shiga garin an rubuta cewa shi mahaifa ce ga duniya baki ɗaya.

Saboda haka batun launin fata da addini ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba. Mutanen garin sun daɗe da sabawa da ganin mace cikin hijabi a kanti da namiji da hular salla a kan titi, Somaliyawan suna da wurin da suke jam'i, kuma a mayankar shanu da kaji ake yankawa, ba alade ba. Ana samun mai hararar baƙo, kamar ko'ina, amma gari ne da mutane ke ɗaga wa juna hannu daga cikin mota, rayuwarsa tana zagaye da makaranta da majami'u da wasannin 'yan makarantar sakandare. Wahalarsa ta yau da kullum daban ce: sanyin Janairu da ke sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifili, babu bas ɗin cikin gari, asibiti sai an tafi Waukon ko Decorah, aikin kuma tsayuwa ce ta sa'o'i da wuƙa a hannu cikin ɗaki mai sanyi har yatsu su riƙa sandarewa.

Maganar da nake so ki kai wa ƙaninki tun yau ita ce ta mutumin nan da ya ce a ƙauye ba a bincike. Wannan ƙarya kusan kullum sai an zo mini da ita a ofis, kuma ina mamakin rashin kunyar wanda zai zaɓi Postville, a cikin dukan garuruwan Amurka, ya kafa hujja da shi. Ranar 12 ga Mayun 2008, da hantsi, jami'an shige da fice na tarayya suka yi wa wannan mayanka ƙawanya, jirage masu saukar ungulu suna shawagi a sama, suka kama mutum 389, adadin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na mutanen garin. A lokacin yana cikin samame mafi girma da aka taɓa kaiwa wurin aiki guda a ƙasar. Aka kwashe su zuwa wani filin baje kolin shanu a birnin Waterloo, aka kafa kotun wucin gadi a wurin, cikin 'yan kwanaki aka yanke wa kusan 300 hukunci a kan amfani da takardun bogi ko na wasu, yawancinsu ɗaurin wata biyar sannan a tasa ƙeyarsu gida. Matan da ke da ƙananan yara an sake su da na'urar bibiya ɗaure a idon sawu, ba su da izinin aiki, ba su da izinin barin wurin. Ɗaruruwan mata da yara suka kwana a cocin Katolika ta St. Bridget saboda tsoro. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya karye, gidaje suka zama kango, shaguna suka rufe, sai da wasu suka saye shi suka sake buɗe shi da sunan Agri Star. Somaliyawan da wannan dillali zai nuna wa ƙaninki a matsayin shaida, da yawansu bayan samamen suka zo, kuma an ɗauke su ne domin su 'yan gudun hijira ne masu izinin aiki a hannu. Halinsu da nasa ba ɗaya ba ne.

Ki yi tunani da kanki, Malama. Ina baƙo ya fi saurin ɓacewa, a tsakiyar kasuwar Kwari ko a ƙauyen da kowa ya san kakan kowa? Garin da ke da mutum kimanin 2,500 kacal, mai gidan haya ya san ka, mai kanti ya san ka, ɗan sanda ya san motarka da lokacin da kake fita. Kuma tun da babu bas, dole ya yi tuƙi, alhali jihar Iowa ba ta ba da lasisin tuƙi sai ga wanda ya nuna yana ƙasar bisa doka. Fitilar baya ɗaya da ta mutu ta isa a tsayar da shi, daga nan a ɗauki hoton yatsunsa, kuma hoton yatsun duk wanda aka tsare a gidan yarin gunduma yana isa hannun hukumomin tarayya. Mayanka kuwa, a ƙauye take ko a birni, dokar tarayya ɗaya ce a kanta: kowane sabon ma'aikaci sai ya cike takardar I-9, ya sa hannu da rantsuwa a kan matsayinsa, ya nuna takardun shaida cikin ranakun aiki uku da fara aiki.

A kan wannan takarda ce rayuwar mutane da yawa ta lalace. Bizar ziyara ba ta halatta aiki ko na kwana ɗaya ba. Idan ya wuce wa'adinsa, bizar ta mutu da kanta. Idan ya zarce da fiye da kwana 180 sannan ya fita, an rufe masa ƙofa shekara uku. Idan ya kai shekara guda, shekara goma. Waɗannan duk suna da ranar ƙarewa. Wanda ba shi da ranar ƙarewa shi ne idan takardun da aka ara masa na ɗan ƙasa ne, ya sa alama a gurbin da ke cewa shi ɗan ƙasar Amurka ne. Tun daga dokar 1996, wannan iƙirari yana haramta wa mutum izinin zama har abada, ko da daga baya ya auri 'yar ƙasa ya haifi 'ya'ya da ita, kuma kusan babu hanyar yafiya. Dillalai suna kuma son ambaton hukuncin Kotun Ƙoli na 2009, wanda ya ce ba za a kama mutum da babban laifin satar shaidar wani ba sai an tabbatar ya san lambar ta wani mutum ce na gaske. Wannan hukunci ya taimaki wanda ya sayi lambar da bai san mai ita ba. Ƙaninki kuwa tun farko an gaya masa takardun na wani mutum ne, har zai biya kuɗi a kai, kuma laifin yana ɗauke da ɗaurin shekara biyu da alƙali ba shi da ikon ragewa.

Akwai kuma cutar da ba ta buƙatar zuwan jami'i ko ɗaya. Albashin da sunan mai takardu yake fita, sau da yawa cikin asusunsa yake shiga, shi zai cire kasonsa ya miƙo abin da ya ga dama. Ranar da injin ya datse masa yatsa, wanda aka rubuta a littafin kamfani wani ne daban. Na ga samari da suka yi watanni suna aiki mai takardu ya riƙe kuɗin, ba su da bakin kai ƙara, domin ƙarar kansu za su kai. Wanda ya karɓi kuɗin ɗan'uwansa Musulmi a baƙuwar ƙasa ya tura shi cikin wannan rami, yana sane, ya ci amana, kuma ya ji tsoron Allah.

Wata biyun da suka rage masa dukiya ce, kada ya ɓata su. Ya duba ainihin ranar da ke kan takardarsa ta I-94, wato shaidar shigarsa ƙasar, a intanet, domin ita ce wa'adinsa, ba ranar da ke jikin bizar ba. Ya ga lauyan shige da fice mai lasisi, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi a ƙungiyoyin agaji, waɗanda da yawansu kyauta suke duba mutum ko da kuɗi kaɗan; ya guji masu cike takardu a bayan shago, musamman masu ƙaga wa mutum labarin neman mafaka, domin ƙaryar da aka kama a nan ita ma haramcin dindindin take jawowa. Idan yana da dalili na gaskiya na tsawaita ziyara, da takardar I-539 ake nema, kuma kafin wa'adi ya cika ake shigar da ita. Idan lauya ya duba ya ce babu hanya, ya sayi tikiti ya dawo Zariya kafin ranar, sunansa yana da tsabta a kundinsu, yadda zai iya sake neman biza ta karatu ko ta aiki nan gaba.