Amsa ga ɗan uwan da ya yi tambaya kan gidajen abinci masu rassa da na unguwa

Salam. Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya, wai shin abincin manyan gidajen nan masu rassa a ko'ina ya fi na ƙananan gidajen abincinmu na unguwa inganci ne, ko dai kuɗin esi da kwalliyar waje kawai mutum yake biya. Na ga wasu sun ce maka na kamfani ya fi tsafta shikenan, wasu sun ce duk yaudara ce. Bari in faɗi nawa tunda na zauna a ɓangarorin biyu, mahaifiyata ta yi shekara sama da ashirin tana sayar da tuwo da shinkafa a bakin kasuwa a Zariya, ni nake kai mata itace da ruwa tun ina firamare, daga baya kuma na yi shekara uku a kicin ɗin ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanonin a Kaduna, ba zan kama suna ba.

Abin da kamfani yake sayar maka tabbas ne. Kazar da ka ci yau ita za ka ci jibi, ita za ka ci in ka je reshensu na Abuja, saboda mu a kicin ba mu da ikon ƙara ko gishiri, kayan haɗin a ƙulle suke zuwa cikin leda an riga an auna, kai dai ka zuba leda kaza a kilo kaza na shinkafa, ka saka kaza a mai na minti kaza, agogo ya yi ƙara ka tsame. Yaron da bai taɓa dafa ko indomi ba in aka koya masa sati biyu zai fitar da jalof iri ɗaya da na wanda ya shekara biyar a wajen. Wannan ba abin rainawa ba ne fa, dabara ce babba, ita ta sa Mr Bigg's da kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986 ya bazu ƙasar nan, mu da muka taso a lokacin in aka ce za a kai ka can ranar sallah ai ko barci ba ka yi. Daga baya Chicken Republic suka zo a 2004, KFC suka shigo a 2009, Domino's a 2012, kowa da salonsa amma tsarin ɗaya ne.

To amma tsarin nan ba ya tsare kansa, mutum ne yake tsare shi, kuma nan ne mutane ba sa gani. A ƙa'ida kazar da aka soya tana da lokacin da za ta yi a cikin gilashin nan mai ɗumi, in ya wuce a cire ta. Manajanmu na farko wallahi ba ya wasa da wannan, ko guda ashirin ne sai an kwashe, man suya ma yana da ranar canji kuma da kansa yake leƙawa. Da aka canja shi aka kawo wani wanda shi damuwarsa kawai kada lissafin asara ya yi yawa a rahoton da zai tura sama, sai ya zama kazar rana tana kaiwa dare, man da ya yi baƙi a ce a tace a ƙara kwana biyu. Alama ɗaya, yunifom ɗaya, farashi ɗaya, amma abincin ba ɗaya ba ne. Kwastoma bai san an canja manaja ba, shi dai ya ji kazar ta bushe. Abin yana min ciwo har yanzu don ni nake miƙa wa mutane ita.

Ita kuwa mahaifiyata ba ta da agogo ba ta da sikeli, hannu ne da harshe. Da asuba take zuwa wajen mahauta ta zaɓi nama da kanta, kayan miya a ranar ake niƙawa, daddawarta wajen mace ɗaya take saya shekara da shekaru, in daddawar ba ta yi mata ba gara ta fasa miyar kuka ranar ta yi taushe. Kuma ba ta da firiza, wannan da kake gani kamar rashi ne shi ne ƙarfinta, dole abin da aka dafa yau ya ƙare yau, kafin la'asar an kife tukunya. Wanda ya ci ya ji ba daidai ba kuma gobe zai zo ya faɗa mata a gaban jama'a, ba wani akwatin ƙorafi, sunanta ne jarinta. Shi ya sa har gobe ban ga kamfanin da zai yi maka miyar taushe ko masa irin ta Bauchi ko gurasa bandashe irin ta cikin birnin Kano ba, waɗannan abinci ne da suke son a tsaya a kansu, ƙullun masa sai mai yi ta duba yadda ya tashi yau, zafi ake ko hunturu, ba a rubuta wannan a takarda a tura rassa hamsin. Ko kazar ma ka duba, ta kamfani ta gidan gona ce mai sati shida zuwa takwas, taushi gare ta amma ɗanɗanon duk daga kayan haɗi yake, kazar Hausa kuwa ko da gishiri da albasa kaɗai aka dafa ta romonta daban ne.

Amma kada in ɓoye maka, na unguwa in ya lalace lalacewarsa ta fi muni. Na ga inda baho ɗaya na ruwa ake wanke kwano tun safe har azahar, na ga shinkafar jiya da aka juye a kan ta yau, kuma shinkafar da ta kwana a waje ba sanyi ba zafi tana cikin abubuwan da suka fi saurin ɓata ciki ko an ɗumama ta. Da damina lokacin da amai da gudawa yake yawo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na taɓa kwanciya kwana huɗu bayan na ci abinci a wata tasha a hanyar Abuja, tun daga nan in ina tafiya da yara ban san gari ba, kai tsaye gidan kamfani nake shiga, akwai banɗaki, akwai wajen wanke hannu da sabulu, akwai rasit. Duba-gari kuma da a da suke zagayawa suna leƙa tukwane yanzu sai ka daɗe ba ka gansu ba.

Maganar tsada kuma, ka sani kaso mai yawa na kuɗin da ka biya a gidan kamfani ba abinci ya saya ba. Hayar waje ne a bakin babban titi, dizal na janareta da yake aiki wuni guda saboda firiza da esi, albashin ma'aikata, kwali da cokalin roba, ga harajin VAT da ya koma kashi 7.5 tun 2020. Bayan cire tallafin mai a 2023 komai ya ƙara hawa, kuma abin da na lura shi ne wasu ba sa son taɓa farashi sosai sai su rage yawan abincin. Mai tuwo ita ma tsadar ta same ta, amma kusan duk abin da ka ba ta cikin tukunya yake komawa, kuma kana iya cewa Hajiya a ƙara miya a ƙara maka, in wata ya yi nisa ma ta rubuta maka bashi.

Ni yadda nake yi yanzu, ba alamar da ke saman ƙofa nake kallo ba, saurin ƙarewar abinci nake kallo. Gidan da ka ga direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata sun yi layi da ƙarfe ɗaya na rana, abincinsa ba ya kwana, shiga kawai. Ka duba ruwan wanke kwano, ka duba mai karɓar kuɗi ko shi ne yake zuba nama da hannunsa, ka tambaya ko mai wajen tana nan, don sau da yawa in gidan abinci ya yi suna mai shi ya buɗe reshe na biyu da na uku ya bar wa yara, daga nan ɗanɗanon yake fara guduwa, na ga haka ya fi sau nawa a Kaduna. In gidan kamfani ne kuma ka je lokacin cunkoso, kada ka je ƙarfe tara na dare reshen da ba kowa ka ɗauki abin da ya rage a gilashi, kuma kana da haƙƙin ka ce a soya maka sabuwa za ka jira, mu a kicin muna yi wa duk wanda ya tambaya, mutane ne dai ba sa tambaya.

Ka ce iyali za ka fita da su ƙarshen mako. In don yara su sha iska su ci ayis kirim su ɗauki hoto ne, kai su gidan kamfani da rana, za su ji daɗi. In kuma surukanka ne ko baƙon da kake son ya ci abinci ya tuna da kai, ka tambayi masu adaidaita sahu na unguwar inda suke cin tuwo, ka je da kularka kafin azahar. Wane gari kake ne ma? In Kaduna ne ko Zariya ka yi min magana ta inbos in kwatanta maka wurare biyu da na yarda da su.