Ga 'yar'uwar da ɗanta ke tari kamar haushin kare

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce yaronki ɗan shekara 2 da rana garau yake wasansa, dare na yi sai tari kamar haushin kare, murya ta dushe, in ya ja numfashi a ji ƙara. Haka Ummina ta yi mini cikin hunturun bara a nan Gusau, tana wata 18.

Da mura ta fara, ban ɗauke ta komai ba. A dare na biyu na farka na iske ta zaune, ƙasan wuyanta na lotsawa duk jan numfashi. Ba wuta, da fitilar waya nake duba leɓenta. Babanta kuma ya kwana Ƙaura. Na saɓa ta a kafaɗa na je na buga ƙofar mai kemis ɗin layinmu. Mutumin nan ko rigarta bai ɗaga ba! Ya ce nimoniya ce, ya danna mata allura tana tsala ihu, ya haɗo ni da maganin tari kala biyu da antibayotik, ya ƙirga kuɗinsa. Kukan nan ya ƙara shaƙe ta, na dawo gida ina salati ina kuka. Har yau in na bi ta gaban shagonsa kau da kai nake. Gari na wayewa surukata ta ce beli ne, a kira wanzami. Na ce Hajiya ki yi haƙuri, likita ya gan ta tukuna. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

A asibiti likita ta ce sunan ciwon kurup, ƙwayar cuta ce ta bairos ke kumbura maƙogwaro, ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 3, kuma antibayotik ba ya yi masa komai. Dexamethasone, maganin rage kumburi, suka ba ta sau ɗaya, suka ɗora mata abin shaƙa. Kafin la'asar ta karɓi nono.

Ke dai kada ki bari ya yi ta kuka, ki rungume shi a zaune a jikinki, ki riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi duk ki kashe. Sirace da tafasasshen ruwa ma ki bari, kada a ƙona yaro. In ƙarar numfashin na fita ko ba kuka yake ba, ko ƙirji na lotsawa, ko leɓe ya sauya launi, ko yawu na dalala ya kasa haɗiya, don Allah kada ki jira asuba. Ki tafi da katin rigakafinsa, ni sai da suka duba nata saboda mashaƙo. Kuma ko ya ware da rana kada ki saki jiki, da dare tarin yakan dawo. Allah ya ba shi lafiya, ki sanar da mu yadda ya kwana.