Shin Dole Ne Malamin Aji Ɗaya Ya Sake Koyon Koyar da Karatu?

Tambaya: Ina koyar da aji ɗaya a wata firamare a Daura, kuma ina da shaidar NCE, amma an ce sai mun halarci bita kan koyar da karatu, har da hedimastanmu. Me ya sa? Daga wata malama a Daura.

Amsa: Malama, NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, amma hukumar rajistar malamai ta ƙasa (TRCN), wadda aka kafa a 1993, ta wajabta wa malami mai rajista ya riƙa sabunta iliminsa. A ganina, wannan bitar ta fi kowace muhimmanci, domin sau da yawa yaro yakan rera baƙaƙe da ka, amma idan aka rubuta masa "ba" da "ɓa" a allo sai ya yi shiru, saboda ba a koya masa haɗa sauti da harafi ba. Irin wannan giɓi ne shirin RANA na koyar da yara karatu da lissafi ya yi ƙoƙarin cikewa a makarantun Katsina da Zamfara. Shi kuwa hedimasta, shi ne mai duba darasinki, kuma idan bai san hanyar ba, zai iya ɗaukar aikinki na daidai a matsayin kuskure.